Feshi a Ɗakin Lantana

Ba a gaya wa Lantana za a yi wa ɗakinta feshi ba. Dawowarta ke nan daga kasuwar Gudu da cefane ta tarar da ƙofar a rufe, an cusa tsumma a ƙasanta, amma duk da haka wari yana fitowa. Ta san warin. Fiya-fiya ne, irin wanda ake sayarwa a ƙananan kwalabe a bakin titi, an dama shi da kananzir.

Zakiyya, matar ƙaninta, tana tsaye a bakin kicin, ta ɗaure hanci da ɗankwali.

"Yaya, kada ki buɗe sai yamma. Bazara ta kama, gara a tari ƙwari tun ba su yi yawa ba."

"Duk gidan aka fesa?"

"Da naki dai muka fara."

Lantana ta ajiye ledar tumatir a kan tebur.

Daga Abaji ta zo yi wa Zakiyya wankan jego. Ita ce babbar yayar Nazir, mai gidan. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk suna ɗakunansu. Da aka yi arba'in Nazir ya ce ta zauna ta riƙa kama wa matarsa renon jaririyar, Sumayya, tunda Zakiyya tana sayar da atamfa da leshi a gida, masu saye ba sa yankewa a falo. Aka kwashe buhunan shinkafa daga sito da ke jikin kicin, aka shimfiɗa mata katifa. Taga ɗaya gare shi, ƙarama, can sama kusa da silin.

Zafin bana ya zo da wuri. Wuta ba ta zama, fanka ba ta juyawa, kyankyasai suna fitowa daga kwata tun kafin magariba. Gidan haya ne mai sassa huɗu, kowane sashe da dabararsa. Wasu suna kwara tafasasshen ruwa a magudana, wasu suna toshe ramukan ɓera da siminti, wasu sun baje katifu a rana. A irin wannan lokaci babu mai ganin laifin wanda ya yi feshi.

Abin da ya jawo na gidan Nazir shi ne Sumayya ta wayi gari da jajayen ƙuraje a jere, a wuya da cinya. Zakiyya ta ɗauki hoto ta tura wa mahaifiyarta, Hajiya Safiyatu, a Zariya. Amsar ta dawo a saƙon murya, kuma a gaban Lantana aka kunna shi. Hajiya ta ce kuɗin cizo ne, ita kam tun da take ba ta taɓa ganinsa a gidanta ba. A kaya ake kawo shi, a binciki kayan baƙi.

Baƙuwa ɗaya ce a gidan.

Bayan la'asar Lantana ta buɗe ɗakin. Tun daga bakin ƙofa idonta ya kawo ruwa. An jiƙa katifar sharkaf, har da filo, har da akwatinta. Ba ta da wani wurin kwana, don haka a nan ta kwana. Da safe maƙogwaronta yana raɗaɗi kamar ta haɗiyi ɗanyen attaruhu.

Ta jawo katifar waje, ta bi ɗinkinta da farce tun daga wannan kusurwa har waccan. Ta zazzage akwatin, ta karkaɗe zannuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ga ko guda ba, mai rai ko matacce.

"Ban ga komai ba, Zakiyya."

"Ai da rana ɓuya suke yi, Yaya. Kuma ba wanda ya ce laifinki ne. Motocin Abajin nan ma kaɗai sun isa."

Da Asabar ta zagayo aka sake. Ƙurajen Sumayya ba su daina ba, sai aka ƙara yawan maganin. Daga nan dokoki suka fara shigowa, kowacce da "don Allah" a gabanta. Don Allah ta riƙa tafasa kayanta kafin ta wanke. Suka koɗe, wasu suka tsuke. Don Allah kada ta goya yarinyar da nata zanin. Don Allah ta daina shiga uwar ɗaki. A ƙarshe, don Allah ta ɗan dakata da ɗaukar Sumayya gaba ɗaya, zuwa a ga hali. Girki da shara da wanke-wanke ba a ce ta dakata da su ba.

Tarin ya fara a matsayin ƙaiƙayin wuya, sannan ya sauka ƙirji ya zauna. Ta kasa zama wuri ɗaya. Ta shiga ɗaki wari ya koro ta, ta tsaya a kicin zafi ya koro ta, ta fita waje rana ta koro ta. Idan yarinyar ta yi kuka sai ta tsinci kanta a ƙofar uwar ɗaki, hannuwanta a buɗe, sannan ta tuna ta juya.

A wajen igiyar shanya maƙwabciyarsu Prudence, wadda kowa ke kira Maman Marvel, ta tare ta. 'Yar Kafanchan ce, tana ɗinki a sashenta, Hausarta irin ta Abuja.

"Mama, wannan tari naka ya yi yawa fa. Tun asuba ina jin shi ta bango. Marvel ya tambaye ni ko Oga Nazir ya sayi janareto wanda ba ya tashi."

Lantana ta yi dariya, dariyar ta koma tari, sai da ta dafa bango.

"Ka gani? Kowane sati fiya-fiya, kowane sati. Ko ɓera da ya tattara yaransa ya bar gidan. Abin nan na gona ne, Mama, ba na ɗakin mutum ba. Zo ka kwana a falona, ina da tabarma."

"Na gode, Maman Marvel. Ai ba za a ce yayar Nazir tana kwana a maƙwabta ba."

"To idan aka ce yayar Nazir tana kwana a asibiti fa, wannan ya fi daɗin ji?"

Lantana ta ɗauki bokitinta. Ba ta son a ji su ta taga.

Wata Laraba Zakiyya ta fita kai wa wata mata kaya a Masaka, ta tafi da yarinyar. Lantana ta shiga sharar falo. Manyan kujeru ne a falon, ruwan zuma, masu laushi. Hajiya Safiyatu ce ta aiko da su daga Zariya ana gobe suna, a motar kaya, don 'yan suna su ga 'yarta ba daga ƙaramin gida ta fito ba. Lantana ta ɗaga kushin doguwar kujerar don ta kakkaɓe ƙura.

Baƙaƙen ɗigo ne a jikin katakon, kamar an yayyafa tawada. A cikin ɗinkin kuwa ga su nan cunkus, manya da ƙanana, suna ta neman hanyar gudu daga haske. Ta danne ɗaya da farce. Jini ya fito, da wannan ƙarnin da duk wanda ya taɓa ji ba ya mantawa. Ta duba ta biyu, ta duba ta uku. Duk haka suke.

Tana tsaye da kushin a hannu Nazir ya shigo cin abincin rana.

"Zo ka ga," in ji ta.

Ya matso ya duba. Fuskarsa ba ta canza ba. Ya karɓi kushin daga hannunta, ya mayar, ya daddanna shi har ya zauna daidai.

"Ashe ka sani."

"Yaya, zauna mu yi magana."

"A ina?"

Ya dubi kujerun, ya dubi ƙasa. A tsaye suka yi maganar.

"Kujerun nan kayan ɗakinta ne, Yaya. Ni ko ƙafa ɗaya ban saya ba. Da wane baki zan ce wa Zakiyya kayan da uwarta ta aiko ne da kuɗin cizo? Kafin gobe maganar tana Zariya, a ce na raina abin da suka kawo. Kin dai san Hajiya."

"Ni kuma da wane ƙirji zan ci gaba da kwana a wancan ɗakin?"

"Ki yi haƙuri. Ruwa ya kusa sauka, da gari ya yi sanyi za su lafa. Idan Zakiyya ta fita ina ɗan fesa musu magani ta ƙasa."

"Yarinyar nan jininta suke sha, Nazir."

"Na sani. Wallahi na sani." Ya goge gumin goshinsa da hula. "Ke tawa ce, Yaya. Idan na ɓata miki za ki yafe min. Su ba za su yafe ba. Ki rufa min asiri, kada Zakiyya ta ji."

Lantana ce ta goye shi lokacin da mahaifiyarsu ta kwanta ciwo. Ta dube shi, ga furfura ta fara fito masa a gemu, yana roƙonta da muryar da yake roƙonta da ita yana yaro idan ya fasa tulu. Ta ɗauki tsintsiyarta ta ci gaba da shara.

Asabar ɗin da ta biyo baya Zakiyya ta ce hannunta yana ciwo, sai Nazir ya karɓi kwalbar. Shi ya fesa ɗakin, shi ya ja ƙofa, shi ya cusa tsumman. Ya wuce Lantana a bakin kicin bai ɗaga kai ba.

Ranar Litinin tana soya kayan miya numfashinta ya ɗauke. Ta buɗe baki, iska ta ƙi shiga. Ta sulale a gindin risho, murfin tukunya ya faɗi. Ƙarar ce ta kawo Maman Marvel, ita ta kashe wutar, ita ta yi ta ihu har Zakiyya ta fito, ita kuma ta tare mai keke.

A asibiti, da aka samu numfashin ya dawo, ma'aikaciyar jinya ta tambayi Lantana ko akwai wani abu da take yawan shaƙa a gida. Nazir, wanda ya zo daga ofis a guje, ya riga ta amsawa.

"Hayaƙin girki ne, Sista. Ga kuma ƙurar bazara. Dama can ƙirjinta ba shi da ƙarfi."

Ma'aikaciyar ta dubi Lantana. Lantana ta dubi bango. Aka ba ta abin shaƙa na masu asma, aka ce ta guji hayaƙi da duk wani abu mai ƙarfin wari.

A gida an bi umarnin. Aka ce ta daina soya attaruhu. Feshi kuwa aka mai da shi da sassafe, wai don warin ya samu lokacin fita kafin yamma.

Yanzu ba ta iya kai bokiti bakin famfo sai ta tsaya a hanya. Takan zauna a dokin ƙofar kicin, abin shaƙar a ƙulle a bakin zani, tana kallon falo ta tsakanin labule. A nan ta lura da abin da ba ta lura da shi ba a da. Zakiyya ta daina kwantar da Sumayya a kan doguwar kujera. Tabarma take shimfiɗa mata a tsakiyar tayil, nesa da kowace kujera. Ita kanta a kan farar kujerar roba take zama. Masu sayen atamfa kuwa kai tsaye take wucewa da su teburin cin abinci, wai ya fi haske.

Lantana ta jira har masu saye suka tafi.

"Zakiyya."

"Na'am, Yaya."

"Ɗaga kushin doguwar kujerar nan."

Zakiyya tana ninke leshi. Hannunta ya tsaya, sannan ya ci gaba.

"Me zan gani?"

"Ɗaga dai."

"Ba zan ɗaga ba."

Sumayya tana wasa da ƙafarta a kan tabarma, sababbin ƙuraje a bayan kunnenta.

"Tun yaushe?" in ji Lantana.

Zakiyya ta ajiye leshin. Da ta yi magana, a hankali ta yi, idonta a kan ƙofa.

"Kin ji abin da danginku suka riƙa faɗa ranar suna. 'Yar Zariya ta zo da kaya na gani na faɗa. Yanzu in je in ce wa Abban Sumayya gwanjo Hajiya ta saya aka sake musu riga? Ta yi iya ƙoƙarinta ne, Yaya, ba ta sani ba. Idan maganar nan ta fita, ni da gori har in mutu. Duk wadda muka yi saɓani da ita a danginku, da shi za ta fara."

"Ni fa? Ni me ake cewa a kaina yanzu?"

"Ke za ki koma gida, magana ta wuce. Ni a nan zan zauna." Ta ɗauki leshin. "Don Allah kada Abban Sumayya ya ji."

Lantana ta koma dokin ƙofarta. Lissafin bai yi mata wuya ba. Miji yana ɓoye wa mata, mata tana ɓoye wa miji, kowa yana fesa ɗakinta don ɗayan ya gani. Kalma ɗaya za ta warware komai. Ta yanke shawara za ta faɗa wa Nazir, ko da kuwa Zakiyya za ta ƙullace ta.

Ba ta samu dama ba a ranar. Da ya dawo sun daɗe a uwar ɗaki, ana jin muryar Hajiya a waya. Da suka fito, tare suka fito. Nazir ya ce sun duba, iskar Abuja ba ta karɓe ta ba. Gara ta koma Abaji ta huta zuwa damina, idan ta warware sai a gani. Zakiyya ta ce wallahi za su yi kewarta.

Da safe aka zuba kayanta a buhu maimakon akwati. Akwatin an ce a bar shi a rana tukuna. Zakiyya ta buɗe bakin buhun ta yi masa feshi kafin a sa a bayan mota, don kada ƙwari su yaɗu a motar. Maman Marvel ta fito da gorar ruwa da ƙullin gyaɗa, ta danƙa wa Lantana, ta dubi Nazir sama da ƙasa.

"Oga, sannu da ƙoƙari," in ji ta, ta koma ciki ta bugo ƙofa.

Lantana ta ce a ba ta Sumayya ta ɗan riƙe. Zakiyya ta ce yarinyar yanzu aka yi mata wanka. Daga bakin ƙofa ta ɗaga ƙaramin hannun ta kaɗa shi.

Hanyar tasha a cunkushe take. Rana ta riga ta yi zafi, warin buhun ya cika motar, Lantana ta sauke gilashi ta kai hancinta bakin taga. Ta bari sai da suka tsaya cak a bayan wata tanka.

"Nazir, matarka ta sani."

Bai juyo ba.

"Ka ji ni? Ta san suna cikin kujerun. Ita ma roƙona ta yi kada ka ji. Ka ga ke nan ba sauran abin ɓoyo. Ku koma ku fitar da su kawai."

Ya daɗe yana kallon bayan tankar.

"Na san ta sani, Yaya."

Lantana ta janye fuskarta daga taga.

"Ita ma ta san na sani. Ai gida ɗaya muke."

"To wa ake ɓoye wa?"

"Ba ɓoyo ba ne. Idan aka faɗa, dole wani ya ji kunya, ko ni, ko ita, ko Hajiya. Idan ba a faɗa ba, kowa yana nan da mutuncinsa." Mota ta ɗan matsa, ya bi ta, ya sake taka birki. "Kuma kujerun za a fitar da su, ki kwantar da hankalinki. Yanzu da kika tafi, sai a ce sun bazu daga ɗakinki sun shiga falo. Hajiya da kanta za ta ce a ƙone su. Kin ga an rabu lafiya."

Ya faɗi wannan ne da muryar wanda ya daɗe yana neman mafita ya samu. Lantana ta kwance bakin zaninta, ta ciro abin shaƙar, ta shaƙa, ta jira ƙirjinta ya buɗe. Ta san yadda labarin zai tafi. Zai je Zariya a waya kafin azahar. Zai bi ta Abaji a bakin 'yan biki. Duk gidan da ta je barka ko gaisuwa daga yau, za a ba ta tabarma a waje, a karkaɗe bayan ta tashi.

"To," in ji ta. "Ku faɗa ɗin. Ku ce ni ce. Amma ka fitar da su yau, kafin yarinyar nan ta sake kwana a gidan da su."

"Yau kuma? A'a, Yaya. Sai an ɗan kwana biyu. Idan aka yi yau, ai sai ya yi kama da shiri."

A tasha ya biya mata kuɗin mota, ya sa yaran mota suka ɗora buhun a baya, ya ce ta gaida mutanen gida, ta kira shi idan ta sauka. Bai jira motar ta cika ba, yana da taro a ofis.

Lantana ta kama ƙarfen ƙofa ta hau, ta tsaya ta huta, sannan ta ƙarasa kujerarta. Matar da ke kusa da ita tana ɗauke da jariri. Ta shinshina iska, ta dubi Lantana, ta mai da jaririn ɗaya kafaɗar, ta tambayi direba ko akwai wani wuri a baya.